Tsakuwar Hindatu

Kazaure, daren Talata

Barci ya ƙi zuwa. Yau na ajiye wa 'yan ajina ƙwarya biyu, na ce kowa ya duba rubutunsa da kansa. In ya iya, ya jefa tsakuwa a ta dama, in da saura, a ta hagu. Hindatu da ta fi kowa iyawa ta jefa a hagu. Na tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai: "Malama, Inna ta ce mai kunya ba ta cewa ta iya." Sauran duk suka bi ta.

Ga sufeton makarantu zai zo gobe ganin dabarar tawa! In ce wa yarinya Innarta ta yi kuskure? Wallahi ni ma da za a miƙo mini tsakuwar, hagu zan jefa.