Rawar da Ke Cikin Haruffan Kakana

Anti Marijke, don Allah ki taimake ni.

Ranar Asabar, 14 ga Yuni, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a wajen baje aikinmu na kammala koyon zane, na ɓata wa kakana Gerrit rai ban sani ba.

Shekara arba'in da ɗaya yana sayar da kayan lambu a kasuwar garin Deventer, kuma da hannunsa yake rubuta sunayen kaya a kwali da burushi, manyan haruffa masu ƙiba kamar suna dariya. Na tara kwalayensa sittin da uku na shekara biyun nan, na kwafe haruffan, na mai da su salon rubutu na kwamfuta. Q da X da Y kaɗai ban samu ba, sai na ƙirƙira. Malamaina sun fi yabon 'yar karkarwar da ke gefen kowane harafi, wai ita ke sa rubutun ya yi wasa. Har ɗakin karatun yara ya nemi yin allunansa da shi, yana jiran amsata ranar Juma'a.

Kaka ya yi minti uku a gaban aikin. Mutumin da kullum yake tsokanata wai na yi digiri ban iya riƙe burushi ba, ranar bai tsokane ni ba. Ya cusa hannuwansa a aljihu. A jirgin ƙasa Mama ta nuna mini hoton rumfarsa na shekara goma baya: layukan haruffan sumul. Ashe ba salo ba ne, hannunsa ne ya fara rawa. Ni kuwa na ƙara mata girma, na kafa a bango.

Asabar biyu ke nan Mama ke rubuta masa kwalaye, shi ya ajiye burushi.

Abin da ban sani ba:
ko ya ga likita;
ko fushi ne ko kunya;
ko in goge karkarwar;
me zan ce wa ɗakin karatu ranar Juma'a.

Jika mai nadama

'Yata,

Wadda ta tara kwali sittin da uku ba cin fuska ta yi niyya ba. Amma shi ma da gaskiyarsa: abin da yake ɓoyewa ya gani a bango, baƙi suna yabo. Kuskurenki ɗaya, kin tambayi kwalaye, ba ki tambayi mai su ba.

Ki roƙi ɗakin karatu su ƙara miki sati biyu. Kada ki goge komai tukuna. Hannunsa ne, shi zai zaɓa, sumul na da ko na yanzu, ko ma a bari gaba ɗaya. Zancen likita ki bar wa mamarki.

Ranar Asabar ki je ki taya shi jera kabeji. Ki ba shi haƙuri sau ɗaya, a taƙaice. Sannan ki nuna masa haruffa ukun da kika ƙirƙira. Na tabbata ba su yi ba, kuma ba zai iya shiru a kansu ba. Idan ya fara kushe su, ki miƙa masa burushi.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa ki sha tsokana.

Anti Marijke