Dutsen da Aka Ce Don Ke Aka Aiko Shi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina fatan kina kwance cikin ni'ima, ƙasa ba ta matse ki ba. Mu nan Kaoje lafiya lau muke, sai gwiwa da ta juya mini baya, sai kuma ruwa da ya sake cin gefen fadamarmu bana. Ni ce ɗiyarki ta fari. Na san ko da za ki iya amsawa ba za ki kira sunana ba, kunyar fari ba za ta bar ki ba, don haka ni ma ba sai na rubuta shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro, maganar dutsenki ce ta taso. An zo nemansa, Inna. Mutanen garin can da muka baro, wanda kika sani, su ne suka aiko.

Amma bari in fara gaya miki abin da ake faɗa a rediyo yanzu, don ke ba ki riski wannan zamanin ba. Masu ilimin taurari sun ce akwai duwatsu da ke yawo can sama, bayan gajimare, bayan wata. Wasu ba su fi tsakuwa ba, wasu sun fi garin Bagudo girma. Sun ce in babba ya faɗo zai iya shafe gari da mutanensa, ƙurarsa ta tare rana, shuka ta ƙi yi. Shi ya sa suka kafa manyan madubai suna gadin sama ba hutu. Har sun taɓa harba kumbo ya je ya tunkuyi wani dutse don gwaji, ya gusar da shi kaɗan daga hanyarsa. Wai tun yana nesa ake tarar sa, in ya matso dabara ta ƙare.

Duk wannan bai dame ni ba, na tsufa da tsoron ƙarshen duniya. Abin da ya sa na ajiye tsintsiya na zauna kan turmi shi ne maganar mai bayanin. Ya ce dutsen ba ya zaɓe. Bai san wanda ke ƙasa ba, ba ruwansa da mai gaskiya ko maƙaryaci, inda hanyarsa ta kai shi nan yake sauka. Ya faɗe ta a sauƙaƙe, ya wuce wata magana. Ni kuwa na shekara sittin da ɗoriya ina jiran wani mai bakin da ake saurare ya faɗe ta.

Kin tuna shekarar da aka karɓi mulkin kai? Ba zan rubuta sunan garin ba, 'yan garin sun san kansu. A lokacin ke ce Inna Mai Gumi. Duk wanda ya girbe shinkafa gidanmu yake kawowa ki turara, ki shanya, mu surfe. Baba ya rasu, gumin nan, wato turara shinkafa, shi ne cinmu da suturarmu. Ni na isa riƙe taɓarya, turmi ɗaya muke dakawa da ke, kina yi mini faɗa in na zubar da ƙwaya.

Aka ce za a yi biki, Bature zai tafi. Kowane gida ya ba da shinkafa don tuwon taro, aka ce ke za a ba wa, don ba a taɓa jin kanki da kowa ba. Barmo, ɗan aiken maigari, shi ya bi gida-gida ya tara, shi ya kawo a jaki. Kika ce masa da ganin ido wannan ba ta kai ta gari guda ba. Ya yi dariya ya ce idonki ya fi cikinki girma.

Da aka surfe, shinkafa ta kasa. Barmo ya tsaya bakin kasuwa yana tafa hannu, wai ya kawo ta cif, sai dai a tambayi mai gumi.

Ranar aka kira ki ƙofar maigari. Ke da ba ki iya doguwar magana ba, ga kunya ga baƙin ciki. Sai kika yi abin da kowace mace a garin take yi in an ƙure ta, kika ɗaga hannu sama kika ce: "In na taɓa ƙwaya ɗaya da ba tawa ba, aradu ta faɗa mini." Sau nawa na ji mata sun yi wannan rantsuwar a kan gishiri da daddawa? Ba abin da ya taɓa samun kowa.

Ba a rufa mako ba. Bayan azahar ne, muna sheƙa a tsakar gida, sama fes, ko ɗigon hadari babu. Muka ji ƙara daga gabas mai girgiza ƙirji, sai wani fito, sai rufin rumbunmu ya tarwatse, ƙasa ta watso mana a ido. Kaji suka watse. Kika jawo ni jikinki kika duƙa a kaina, ina jin zuciyarki tana bugun bayana.

Kafin ƙura ta lafa gidan ya cika. Na ɗauka jaje aka zo. Ashe kallo aka zo.

Aka tono shi a gindin rumbu, baƙi ƙirin, ya fi ɗan dutsen niƙa kaɗan, amma nauyinsa sai hannu biyu. Wani tsoho ya ce gatarin aradu ne. Shi ke nan, magana ta ƙare. Kowa ya san wanda aradu ke nema: ɓarawo da mai rantsuwar ƙarya. Kika ce musu: "Aradu ba hadari? A ina aka taɓa yi?" Suka ce ai wannan ne ma ya nuna girman laifin, tunda ba ta iya jiran hadari ba.

Aka aika rugar Fulani aka kawo nono ƙwarya-ƙwarya aka kwarara a ramin, don an ce wutar aradu nono kaɗai ke kashe ta. Wuta kuwa ko hayaƙi babu. Ina tsaye ina kallon ƙudaje na taruwa a kan nonon. Maganin da garinmu ya sani ke nan na abin da ya faɗo daga sama: a zuba nono, a nemi mai laifi.

Ba wanda ya ce ki tashi, in dai gaskiya za a faɗa. Ba su da wannan ƙarfin halin. Shinkafa ce kawai ta daina zuwa gidanmu. A rijiya in kika sauke tulu, sai a janye nasu. Mai mahauta ya riƙa ajiye miki nama a ƙasa don kada hannunsa ya taɓa naki. Inna Mai Gumi ta mutu, aka haifi Ta-Aradu. Ƙanin Baba, wanda kika goya yana yaro, ya aiko a ce mana kada mu je sunan ɗansa.

Ranar biki aka raba wa yara tutoci, kore da fari. Ana kaɗa kalangu, ana cewa mun samu 'yanci. A ranar muka ɗaura kaya. Mutane na murnar sun samu ƙasa, mu muna barin ta ta bayan gari.

Abin da ba zan manta ba, kin koma da baya. Kin shiga ramin nan mai tsamin nono, kika ɗauko dutsen da kowa ke tsoron taɓawa, kika naɗe shi a tsumma kika sa cikin kwando. Na yi ta kuka ina cewa ki bar shi, nauyi ne. Kika ɗora kwandon a ka, muka kama hanya.

Muka bi ta daji muka tsallaka Dahome, da a lokacin muke ce wa Faransa, wurin danginki Dandawa. Su ma ba su daɗe da samun nasu 'yancin ba. Mun ɗauka can ba wanda ya sani, ashe labari ya riga mu, shi ba a tsayar da shi a kan iyaka. Sai dai can bukatar mai gumi ta fi tsoro ƙarfi, sannu a hankali aka fara kawo miki shinkafa.

Da kika kafa murhu, duwatsu biyu kika nemo, na ukun kika warware tsumman nan. Kika ce: "Tunda an ce don ni aka aiko shi, bari ya yi mini aiki." A kansa kika ɗora tukunyar gumi har ƙarfinki ya ƙare. Wannan ce kawai dariyar da na ga kin yi a shekarar.

Amma ni na san abin da ke cinki. Duk ranar kasuwa, in fatake suka zo daga gida, sai ki ba su ruwa, ki tambayi damina, ki tambayi wa ya mutu wa ya haihu. Can ƙarshe, kina kallon ƙasa, ki ce ko an ƙara tayar da maganar shinkafar nan? Su ce wace shinkafa? Sun manta da shinkafar, Inna. Sunan da suka laƙa miki ne kawai ba su manta ba.

Kin rasu ba ki ji amsar ba. To ga ta. Bayan aure ya kawo ni Kaoje, yayar Barmo ta kira ni tana ciwon ajali, ta ce da idonta ta ga ya karkatar da jaki wajen iyaka kafin ya iso gidanmu. Ta ce in yafe mata shirun da ta yi. Na ce mata ba ni ta yi wa ba. Shi kuwa Barmo ya yi kuɗi, ya yi tumbi, ya je Makka ya dawo Alhaji, ya mutu a kan katifa jikoki na masa fifita. Ko kashin tsuntsu bai taɓa faɗo masa daga sama ba. Wallahi wannan abu yana mini ciwo har yau, ba zan ɓoye miki ba. Na san hisabi na gaba, amma ni a nan na so in gani.

Dutsen na dawo da shi cikin kayana, yana ƙarƙashin gadona. 'Ya'yana an sha kiran su jikokin Ta-Aradu a makaranta, sun sha dambe a kanki, ke da ba su taɓa gani ba.

Jikata Nafisa ce ta tono shi. Ta yi karatu mai zurfi, tana koyarwa yanzu, kuma tana da taurin kanki. Ta kanga masa maganaɗisu ya manne. Ta ɗauki hotonsa ta aika wa malamanta, suka ce ga dukkan alama irin duwatsun saman nan ne, wai mai yiwuwa ya girmi duk wani dutse da ke ƙasar nan. Ta ce mini tun kafin a haifi kakan kakanki yake tafe a hanyarsa. Ina rantsuwarki, ina shinkafar Barmo, a wannan doguwar tafiyar?

Hoton ya zagaya a waya. Sai ga samarin ƙungiyar ci gaban garin can da muka baro sun yi sallama, da manyan riguna da turare, cikinsu har da jikan Barmo, yaro mai ladabi, ba laifinsa ba ne. Wai dutsen tarihin garinsu ne. Wai za su sa shi cikin gilashi baƙi su riƙa zuwa gani, garin ya yi suna. Dutsen garinmu, haka suka ce, a cikin ɗakina, a kan tabarmata.

Na ce na ji. Abu ɗaya nake so. Ranar Juma'a bayan an sallame, a tashi a gaban jama'a a ce Inna Mai Gumi ba ta ci shinkafar kowa ba, garin ne ya zalunce ta. Suka dubi juna. Babbansu ya ce Hajiya, abin da ya wuce ai ya wuce, kada a tono abin da zai ɓata zumunci, akwai iyalan mutane. Iyalan mutane! Mu daga ice muka faɗo?

Kin gani ko, Inna? Duniya ta iya harba kumbo ta kawar da dutse daga hanyarsa, amma kalma guda ta gagara fita daga bakin garinmu.

Na ba su ruwa suka sha, kamar yadda kika koya mini, na sallame su.

Ki yi haƙuri, na cika ki da ɗaci, ke da kika huta. Ba shi kaɗai nake tunawa ba. Ina tuna ƙamshin gumi a zanenki. Ina tuna yadda kike kira na "ke wannan", ki tura mini ƙanzo a ɓoye ki kau da kai kamar ba ke ba. Ina tuna nauyinki a bayana ranar da rumbu ya fashe. Ba ki san mene ne ke faɗowa ba, ba ki da madubi ba ki da kumbo, bayanki kawai kika tara. Ban taɓa yi miki godiya ba, kunya ta hana mu duka biyu. Na gode, Inna.

Ga abin da na yi. Makon jiya na sa Nafisa ta ɗauke ni a mota muka tsallaka iyaka. Da ƙyar na gane kabarinki, tsohon ɓarin tukunyar da muka kafa alama ya nutse. Na share ciyawa da hannuna, na ajiye dutsen wajen kanki. Ya yi miki murhu, yanzu ya yi miki alama.

Nafisa za ta sa wannan takardar a waya, na san za su karanta. To su ji. Ban hana su dutsen ba. Yana can Dahome, Benin ta yanzu, a kan kabarin matar da suka ƙi haɗa tulu da ita. Duk mai so ya tsallaka iyaka da ƙafarsa, ya cire takalmi, ya tsaya a kanki ya yi miki sallama da sunanki na gaskiya. In bayan haka hannunsa ya iya ɗauka, ya ɗauka.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata miki makwanci, ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya mini. Allah ya tsare duniya daga abin da ke faɗowa daga sama, ya tsare marar gata daga abin da ke fitowa daga bakin mutane. Ya haɗa mu a inda ba a bukatar rantsuwa.

Taki har kullum,
Ɗiyar Inna Mai Gumi