Bishiyar da Hauwa Ta Kawo

Daren Talata, Disamba 2006

Har yanzu ina cike da haushi. Yau 'yata Hauwa ta dawo daga makaranta da bishiyar Kirsimeti ta takarda. Malamarsu ce ta shafa musu koren fenti a tafin hannu, suka yi ta dannawa har ganye ya fito. Na manna mata a jikin firij.

Da la'asar wata dattijuwarmu, Hajiya Balki, da Alhajinta suka zo gaishe mu daga garin Pleasant Garden. Hajiya na ganin bishiyar ta fizge, ta jefa kwandon shara, wai aikin arnan Turai ne masu bautar itace. Alhaji ya ce a'a, Kiristocin Jamus ne suka faro ta. Suka zauna suna musu suna shan shayina, yarinya na tsaye tana haɗiye kuka. Ni kuma na yi gum, wai kunyar manya. Wannan shirun nawa ya fi komai cin raina.

Suna tafiya na ciro ta, na goge, na mayar inda take. Su je can su nemo asalin tasu. Wannan kam na san asalinta, hannun 'yata ne.