An Ce Mama Ta Kawo Shaida

Litinin, 4 ga Afrilu

Mama ta iso daga jihar Nebraska. Tun da ta faɗi a banɗaki muka ce ta gama zama ita kaɗai. Matata Darlene ta gyara mata ɗakin ƙasa. Shekara tamanin da tara, amma bakin nan bai tsufa ba. Ta leƙa taga ta ga alkamata, ta ce, "Wendell, wannan gona ce ko makiyaya?"

Talata, 12 ga Afrilu

Na kai ta ofishin zaɓe ta yi rajista, tunda yanzu 'yar jiharmu ta Kansas ce. Ma'aikaciyar ta ce sai da shaidar zama 'yar ƙasa, takardar haihuwa ko fasfo. Mama ba ta taɓa ƙetare iyakar ƙasa ba balle ta yi fasfo. Haihuwa kuwa a gidan gona aka yi, ƙanƙara ta toshe hanya, maƙwabciya ta karɓe ta, ba wanda ya je gari ya rubuta.

Ta ce wa ma'aikaciyar, "'Yar nan, na fara jefa ƙuri'a ba a haifi uwarki ba."

Duk da haka aka ajiye sunanta a gefe.

A mota ta tambaye ni wane mara aikin yi ya kawo wannan doka. Na ƙara muryar rediyo. Ina cikin waɗanda suka bi gida-gida suna nema wa dokar nan goyon baya, kuma har gobe ina ganin daidai ce. Gidan da ba ƙofa ai kango ne.

Juma'a, 6 ga Mayu

Amsa daga Nebraska: ba su da ita a rubuce. Cocin da aka yi mata baftisma ya ƙone tun ina yaro. Duk wanda zai iya cewa ya ga ranar yana kabari.

Asabar, 21 ga Mayu

Wata lauya ta zo, Renata Solis, daga ƙungiyar da ta kai jiha kotu a kan dokar. Tana so Mama ta shiga cikin masu ƙara. Na tare ta a baranda na ce gidan nan ba ma wannan harka. Sai muryar Mama daga ciki: "Gidanka ne, amma sunana ne aka ajiye. Shigo, 'yata, ki ƙyale shi, haka ubansa yake."

Har abincin rana suka ci. Na tafi wajen shanu.

Laraba, 25 ga Mayu

Labari ya riga ni zuwa wurin shan kofi. Merle Dietz, abokina tun firamare, ya ɗaga murya: "Jama'a, ku ɓoye walat, ga mai ajiye baƙuwar haure a gida!" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Daga baya ya matso ya ce, "Wasa nake. Amma ka san ba don irin su Mama aka yi dokar ba."

Na sani. To amma ita ta kama.

Laraba, 29 ga Yuni

Girbi. Ba lokacin tunani.

Laraba, 14 ga Satumba

Kotu. Na ce kai ta kawai zan yi in jira a mota, sai ga matakala, ba mai riƙe ta. Da na shiga kuma na zauna.

Lauyan jiha yaro ne mai ladabi. Ya ce, "Mama, ba ina ƙaryata ki ba ne, amma yaya aka yi kika san a ƙasar nan aka haife ki?"

Ta ce, "Ina wurin, ɗan nan, sai dai hankalina na kan nono."

Alƙaliya ta sunkuyar da kai, kafaɗarta na motsi. Sai Mama ta daina wasa. Ta ce ta raka mijinta tasha ya tafi yaƙin Koriya ba wanda ya nemi takardarta, ta biya haraji ba a nema ba, sai yanzu da take shirin tafiya ake tambayarta daga ina ta zo.

Na duba sauran masu ƙarar. Ban san me na zaci zan gani ba. Wani direban tirela da ambaliya ta tafi da takardunsa. Wata mai goyo, sunan aurenta bai dace da na haihuwa ba. Wani tsohon soja.

Mai ba da shaida na jiha ya ce an kama baƙi sun yi rajista. Gaskiya ne, an kama. Renata ta tambaye shi nawa. Ba su cika motar makaranta ba. Waɗanda aka ajiye a gefe irin Mama kuwa sun ninka mutanen garinmu.

Baƙo ko ɗaya ne bai kamata ya yi zaɓe ba. A kan wannan nake. Na faɗa wa Darlene haka a hanya, ta ce, "Ai ba wanda ya tambaye ka."

Lahadi, 2 ga Oktoba

Mama na asibiti, ciwon huhu. Ta kama hannuna ta ce, "Gara alƙaliyar nan ta yi sauri. Ba na so a binne ni baƙuwa."

Na ce ta bar wannan magana. Na fita farfajiya na daɗe.

Talata, 11 ga Oktoba

Renata ta bugo. Kotu ta ce a mayar da su Mama cikin rajista kafin zaɓe. Jiha ta ce za ta ɗaukaka ƙara, ke nan da sauran rina a kaba. Na gode mata. Sau biyu ma, ina ji.

Talata, 8 ga Nuwamba

A keken marasa lafiya na tura ta. Ta sa hular zuwa coci. Ta daɗe a bayan labule har na fara tsoro. Da ta fito na ce wa ta zaɓa. Ta ce, "Kawo takardar haihuwarka in gaya maka."

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Bayan sujada Merle ya tare ni a ƙofar coci da takarda, ana tara sa hannu a ƙarfafa wa jiha ta ci gaba da ƙarar har a dawo da dokar. Ya miƙo biro. Na laluba aljihu na ce na bar tabarau a mota, ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Ya ce zai jira.

Gaskiya ne a mota na bar tabarau ɗin. Da na je kuma na tarar Mama ta gaji, ga iska. Sai na tayar da mota.