Tukunyar Baba a Tsakiyar Lambu

Daga Kulu 'yar Malam Isa a Diggi, zuwa ga ƙanena Hamidu a Lakwaja. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga wutar jirgin da kake hurawa. Mu nan kalau muke. Ƙanwarmu Indo ta haifi mace, an sa mata Hauwa'u, hancinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Bayan haka, takardarka ta bara waccan ce ta jawo mana aiki. Ka rubuta cewa tururin ruwa ke tura jirgin Nasara a kogin Kwara, har ka ce zafin ranar ƙasarmu ma zai iya tayar da tururin da zai ɗago ruwan gulbi zuwa lambu ba tare da jigon ban ruwa ba, kuma ba za ka dawo ba sai ka koyo dabarar. Ni na san ka da daɗin baki tun kana ƙarami, amma Baba ya ɗauki maganar da gaske. Kullum da hantsi sai ya cika baƙar tukunya da ruwa, ya rufe, ya aza ta tsakiyar lambu, ya zauna yana jiran marfin ya motsa. In ya buɗe ya ga gumi a cikin marfin, sai ya kira ni in gani, ya ce ruwa ya soma hawa da kansa, ɗansa bai yi ƙarya ba.

Jigon ya karye, Baba ya hana a gyara, wai me za a yi da shi. Sau biyu maigidana Ɗahiru yana kawo itace, Baba yana mayar da shi. Rani biyu ke nan ba a dasa albasa ko ɗaya ba, kuma maigari ya aiko cewa in aka kai na uku zai ba wani wurin, kamar yadda ake yi da fadamar da aka bari. Lambun da kakanmu ya sare da hannunsa, Hamidu.

Begenka ya ishe ni. Ka zo ko hannu wofi ne, bakinka kaɗai Baba zai ji a gyara jigon nan.

Inna Ladi da Indo suna gaishe ka. Ka gai da Lawal mai masaukinka da uwargidansa Dije. Na tambayi Baba saƙonsa, ya ce kada in ɓata takarda, kana kan hanya.

Yayarka, Kulu. Wassalamu.