Ka Bar Motar Abdulmajid da Tabonta

Zuwa ga tsohon angona, inuwar ƙofar ɗakina, sanyin ruwan randata, Abu Khadiga mai taurin kai kamar jakin ɗiban ruwa.

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, ajiye tsumman nan ka saurara. Wane ciwo ne ba a cike shi, ba a ɗinke shi, sai dai a ci naman da ke kewaye da shi har su zo daidai, mai ciwon yana ƙara kyau yana ƙarewa? Riƙe shi, zan dawo kansa.

Ina nan Umdurman ɗakin 'yarmu Khadiga, jikoki sun cinye mini kunne, kai kuwa kana ƙetaren kogi cikin warsha, garejin nan naka, kana gadin motar mutane. Ranar da harbe-harbe suka kore mu daga unguwarmu Mayo ka ɗora ni a raksha, keken haya mai ƙafa uku, ka ce in yi gaba kana tafe. Kana tafe! Kogi ya cika ya janye, 'yar Khadiga ta yi haƙora har ta cije ni, ni dai ban ga ko ƙurar takalminka ba.

Na sani, na sani. Abdulmajid ya kawo maka motar sabuwa fil, baƙa wuluk, ko ledar kujeru ba a cire ba. Masu wanki sun goge ta da busasshen tsumma, sun bar mata zane-zane kamar saƙar gizo, ka yi masa alkawari ba zai karɓe ta ba sai ya ga gashin girarsa a ƙofarta. To Abdulmajid yana Masar, ya habibi. Ko sallama bai aiko ba. Girar wa za a duba?

Dogo mai raksha, wanda zai miƙa maka takardar nan, ya ba ni labarinka. Wai babu wuta, injin gogewa ya kwanta, da hannu kake yi. Wai duk ƙarar da ta girgiza rufin kwano sai yashi ya zubo wa motar, kai kuma ka wanke ta da ruwan da ya kamata ka sha, ka sa tafinka cikin leda kana shafa ta kana neman tsakuwa. Wai jallabiyarka yanzu za ta ɗauki mutum biyu. Wayyo hasken idona! Wayyo dabinona da ya bushe a kan ice ba mai tsinka! Ni wa zai gyara mini ƙafar gado, wa zai ce gishirina ya yi yawa ya kuma siɗe kwano?

Ka tuna ranar da tob ɗina, mayafin nan mai ruwan goro, ya ɓace, na yini ina zagin akuyar maƙwabciyarmu Amna? Na kawo maka abinci warsha na tarar da shi a hannunka, an yayyaga, wai audugarsa ce ba ta ƙarzar fenti. Na buɗe baki zan tara maka jama'a, sai ka ja ni gaban wata mota da ka gama, ka ce in duba. Na ga fuskata, na ga wushiryata, na gan ka a bayana kana danne dariya. Ban taɓa ganinmu mu biyu a madubi ɗaya ba sai ranar. Har yau idan na rufe ido can nake tsaye.

Ka taho, don Allah da Annabi. Ka lulluɓe ta, ka ja ƙofa, ka hau bayan rakshar Dogo. Amana ka riƙe ta har ta ci ka, Allah ya gani. Ka zo in dafa maka jabana, gahawar nan mai citta, in ba ka tob ɗina na Idi ka yayyaga yadda kake so, wallahi ba zan ce uffan ba. Fuskata ta yi tamoji, ba ta gogewa, amma taka ce.

Ni ce taka tun ina da haƙoran gaba, taka har a sa ni a ƙasa,
Hajaratu.

Amsar kacici-kacicin kuwa daga bakinka na ji ta a ranar da ka nuna mini fuskata a jikin mota. Ƙarzar jikin mota ce. Fenti bai fi ɓawon albasa kauri ba, kowace guga tana rage shi, kuma wanda bai tsaya ba ƙarfe yake tararwa.