Inda Nake Tsayawa

Litinin, 3 ga Maris
Gutsure ya yi ta! A takarda ɓera mai lamba tara ne, ni na raɗa masa suna saboda gutsurarren kunnensa. Akwatin gwajinmu hanyoyi takwas ne, kowace da 'yar manjagara mai tsawon yatsa, amma a ƙarshen ta shida kawai ake ajiye ƙwayar abinci bayan ragar waya. Sai ɓera ya gane hanyar ta alamomin da muka manna a bango, sannan ya jawo ƙwayar. Wata biyu ina fama da ɓerayen nan a ɗakin bincikenmu. Yau ko leƙa sauran hanyoyin bai yi ba, ya kama manjagarar hannu bibbiyu kamar tsohon manomi. Na yi ta tafi ni kaɗai.

Laraba, 5 ga Maris
Na ba Yaya labari muna wanke-wanke. Ta ce, "Mutane na sayen tarko, ke kina koya wa ɓera noma. Saura ki ɗinka masa rigar makaranta."

Juma'a, 7 ga Maris
Dakta, shugabar binciken, ta ce jarrabawa ranar Alhamis. Kyamara kaɗai, ba mutum a ɗaki. Waɗanda suka ci su wuce zagaye na biyu, sauran a kashe su a duba ƙwaƙwalwarsu. Ko a jikina. In Gutsure bai ci ba, wa zai ci?

Talata, 11 ga Maris
Mun gwada yadda za a yi, na fita na bar shi. Ya yi ta bilinbituwa kamar yau aka haife shi.

Dakta ta kunna tsofaffin bidiyo, ta ɗora yatsa a kan allon. Ni ce. Kullum ina jingine da wurin wanke hannu, daidai hanya ta shida, saboda gwiwar nan tawa mai ciwo. Ta ce, "Ba bango yake karantawa ba, ke yake karantawa."

Na roƙi ƙarin mako ɗaya, ta ce a'a. "Ƙanwata, ranar tana cikin takardar izini, ko ni ban isa in matsar da ita ba." Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Laraba, 12 ga Maris
Sau goma sha biyu na gwada shi ina laɓe a waje. Sau biyu ya dace. Sabo turken wawa, kuma da hannuna na kafa masa turken.

Alhamis, 13 ga Maris
Na ajiye shi a tsakiya, na fita, muka zuba wa allo ido. Ya miƙe a ƙafafun baya yana waige-waige. Sai ya bi hanya ta biyu, wadda ke kallon ƙofar da na fita. Ya kama manjagara ya ja, ba komai. Ya sake ja. Daga nan ya zauna riƙe da ita yana kallon ƙofa har minti biyar suka cika.

Taku uku ne tsakanina da ƙofar nan. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ce irin yau.

Juma'a, 14 ga Maris
Ni na ɗauko shi da za a kashe shi. Da kansa ya hau hannuna.

Litinin, 24 ga Maris
An kawo sababbi goma sha biyu. Na sa an rataya labule, a bayansa nake tsayawa yanzu, kullum wuri daban. Gwiwa tana ta zugi, ta yi ta yi. Ba wanda na raɗa wa suna, lamba ta ishe su.

Yaya ta ce, "Ina manominki?" Na ce mata ruwa ya tafasa, ta je ta sauke.

Ɗazu mai lamba huɗu ya miƙe a tsakiyar akwati yana shinshina iska, yana nemana. Wani ɗan fari ne a goshinsa, ba wai na lura ba ne. Na riƙe numfashi a bayan labule. Ban motsa ba sai da ya haƙura, ya juya ya kalli bango.